Haɗa Kwari a Ƙasar Hausa: Aikin da ke Jiran Ɗaliban Hausa

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a ɗaya daga cikin manyan biranen ƙasar Hausa, ya ga 'yan baka suna tafe a ƙasa, kowanne da baka a hannu da kwari rataye a kafaɗa. Yawancin 'yan kallo hankalinsu yana kan dawaki ne, da 'yan lifidi da 'yan sulke, ba safai ido ke sauka a kan kwarin nan ba. Ko a cikin ɗaliban da ke nazarin harshe da al'adun Hausa, da wuya a sami wanda zai iya faɗin irin fatar da aka yi shi da ita, ko wanda ya ɗinka shi, ko dalilin da ya sa aka yi masa murfi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa haɗa kwari ilmi ne mai zaman kansa, kuma yana gab da salwanta, sa'an nan nauyin adana shi ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i tun masu sana'ar suna raye.

MA'ANAR KWARI

Kwari shi ne gidan da maharbi ke zuba kibau a ciki, ya rataya a kafaɗa ko a baya. A rubuce, kalmar daidai take da kwari na ƙasa, watau gangaren da ruwa ke taruwa a cikinsa, karin sauti ne ke raba su a baki. Ga kuma ƙwari na ƙarfi da ƙwari jam'in ƙwaro, waɗanda lanƙwasar harafin farko ce ta bambanta su da shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibin harshe ya tsaya a kan kalmar.

Abin lura kuma shi ne, in Bahaushe zai ambaci makamin maharbi gaba ɗaya, cewa yake yi "kwari da baka". Kwari yake gabatarwa, kibiya kuwa ba ya ma ambatonta, domin kwari ya wakilce ta. Harshe ba ya ba abu irin wannan matsayi a banza. Maharbin da ya rasa kwari, kibiya biyu ko uku kaɗai zai iya riƙewa, kuma in masu dafi ne, shi kansa yana cikin haɗarin su.

MATSAYIN KWARI A TARIHI

Kafin bindiga ta yawaita, 'yan baka su ne ƙashin bayan dakarun ƙasar Hausa. Doki da sulke da lifidi kayan sarakuna ne da masu hali, talaka kuwa kwari da baka ne makaminsa, da shi yake farauta, da shi yake tsaron gari. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su da dawaki sai kimanin 20, amma suka yi galaba a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai ɗimbin barade, kuma 'yan baka ne suka ɗauki babban kaso na wannan aiki. Bayan shekara 95, a watan Afrilu 1899, mutanen Sarauniya Mangu na Lugu, a ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar, da kibau masu dafi suka tari ayarin sojojin Faransa da Voulet da Chanoine ke jagoranta. Haka nan lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da yawa daga cikin dakarun da suka fito musu kwari ne a kafaɗarsu. Har yau sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da dama, tana shaida irin matsayin da maharba suka riƙe.

Littafin da aka fi komawa gare shi a kan sha'anin yaƙi a Daular Sakkwato shi ne wanda Joseph Smaldone ya wallafa a 1977, kuma da Turanci aka rubuta shi. Ya yi aikinsa a matsayin masanin tarihi. Amma bayanin yadda hannun baduku ke sarrafa fata har ta zama kwari, da sunan kowane mataki da Hausa, aiki ne na ɗalibin Hausa, domin shi ne zai iya zama a rumfar baduku ya ji maganarsa ba tare da tafinta ba.

YADDA AKE HAƊA KWARI

Kwari guda ɗaya mahaɗar sana'o'i ne da dama. Mahauci ne ke fara aikin, domin in ya yi garaje wajen fiɗa ya huda fatar, to, ta tashi daga aiki tun ba a je ko'ina ba. Daga nan sai majemi. Yakan jiƙa fatar, ya tsoma ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare shi, ya kankare sauran naman da ya manne a cikinta. Sa'an nan ya sa ta cikin ruwan fataka don ta yi laushi, kana ya jeme ta da dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce ke hana fata ruɓewa. Bayan ta jemu sai a shafe ta da mai, a shanya, a yi ta murza ta har ta yi taushi. Fatar saniya da aka jeme ita ce ƙirgi, mai kauri da ƙarfi. Fatar akuya kuwa ta fi laushi da karɓar rini, musamman ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su.

Jikin kwari ta hanya biyu ake samunsa. Hanya ta farko ita ce a sami gora mai faɗin ciki, ko masassaƙi ya rarake itace marar nauyi, sa'an nan baduku ya lulluɓe shi da fata. Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da ɗanyar fatar saniya wadda aka kankare amma ba a jeme ba. Akan naɗe ta a jikin sanda tun tana jiƙe, a ɗinke gefenta, a bar ta ta bushe. Ɗabi'ar ɗanyar fata ce in tana bushewa ta tsuke ta ƙame, saboda haka in aka zare sandar sai a sami bututu mai tauri kamar ƙaho. Dabarar ta yi kama da ta masu yin tandu, waɗanda ke lulluɓe ginin yumɓu da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe su farfasa yumɓun su zazzage.

Tsawon kwari daga tsawon kibiya ake auna shi. Kibiyar ƙasar Hausa gajera ce, kamu ɗaya da ɗan ɗoriya, jikinta na kyauro, ruwanta na ƙarfe mai kunnuwa wanda maƙeri ya ƙera, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta wasu ƙasashe. Rashin gashin nan shi ya sa kwarin Bahaushe ke iya zama siriri ya kuma ɗauki kibau da yawa. Gindin kwari tilas ya yi kauri, ko dai a toshe shi da itace ko a ninka ƙirgi, domin nan ne bakin kibau ke sauka, in kuwa ya huje, mai kwarin ne farkon wanda kibiyarsa za ta soka. Murfi kuma aikinsa kare kibau daga ruwan sama da raɓa, waɗanda ke sa ƙarfe tsatsa su kuma wanke dafi, da hana su zubewa in maharbi ya sunkuya ko ya ruga. Akan ɗaure murfin da 'yar igiyar fata a jikin kwarin don kada ya ɓace. Faɗin ciki shi ma da lissafi. In ya yi yawa, kibau za su riƙa kaɗawa suna ƙara, naman daji ya ji ya gudu. In ya matse, kunnuwan kibau za su sarƙe da juna a daidai lokacin da ake bukatar zaro ɗaya da sauri. Maratayi kuwa dole ya zauna yadda hannu zai kai bakin kwari ba tare da ido ya bar abin harbi ba.

Bayan wannan sai ado. Ja daga karan dafi ake samunsa a haɗa da kanwa, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau, koren kuwa shi ne korino. Baduku yakan yi zane da aska, ya ɓare saman fatar a wasu wurare don farin cikinta ya fito, ya yi saƙa da siraran tsagin fata da basilla, ya kuma sako geza da tuntaye a gindi. Mai karatu zai lura cewa a cikin waɗannan 'yan sakin layi an ambaci kalmomi kamar ƙirgi da fataka da kyauro da kuloko da korino da gangamau. Ya jarraba ya tambayi 'yan ajinsa ma'anarsu, ya ga mutum nawa za su amsa.

ABIN DA KE NEMAN SALWANTA

Sana'a ba ta mutuwa ita kaɗai, da kalmominta take tafiya kabari. Bargery ya tattara ɗimbin kalmomin dukanci da jima da harbi a ƙamusunsa na 1934, Abraham ya biyo baya a 1949, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusunta na Hausa zalla a 2006. Waɗannan ayyuka ne na a yaba. To amma ƙamus ma'ana yake bayarwa a layi ɗaya ko biyu. Ba zai faɗi kwana nawa fata ke yi a ruwan toka kafin ta lalace ba, ko yadda majemi ke gane ta jemu da taɓawar yatsa, ko inda baduku ke fara ɗinki don kada bututun ya karkace. Irin wannan sani a hannu yake zaune, kuma daga hannun uba yake wucewa zuwa hannun ɗa. In ɗan ya bar rumfa ya koma wata sana'ar, sarƙar ta tsinke ke nan.

Dalilan tsinkewar a bayyane suke. Bindiga ta maye gurbin baka a hannun yawancin maharba, namun daji kuma sun yi ƙaranci. Fatar saniya ta yi tsada, domin kaso mai yawa nata ganda ake yi da shi a cinye. Fatun awaki da tumaki masu kyau kuwa manyan masana'antun jima na Kano ne ke saye, su gyara su fitar da su ƙasashen waje, baduku ya samu ragowa. Ga kuma fatar roba da ta cika kasuwa, mai arha da sauƙin yanka. Baduku mutum ne mai iyali, abin da ake saye shi zai ɗinka, watau takalmi da jaka da filo da kube. Ba a zarge shi ba in ya daina yin abin da ba mai nema.

Daɗin daɗawa, akwai kwarin kwalliya da ake yi don baƙi masu sayen tsaraba, ko don 'yan rawa da masu wasan kwaikwayo. Irin wannan siffa kawai yake ɗauka. Gindinsa ba kauri, murfinsa ba ya rufuwa, cikinsa ba a auna shi da wata kibiya ba. Haɗarinsa shi ne, in na ainihi ya ƙare, shi ne zai saura, har 'yan baya su ɗauka haka kakanninsu suka yi kwari. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano suna adana makaman da, kuma hakan yana da kyau ƙwarai, sai dai abin da ke bayan gilashi ba ya magana. Mai kallo zai ga kwari, amma ba zai ga yadda aka yi shi ba.

AMSA GA MASU SUKA

Wani zai ce, mene ne amfanin ɓata lokaci a kan gidan kibiya a zamanin jirgin sama da kwamfuta? Amsa ita ce, ba wanda ya ce a koma yaƙi da baka. Abin da ake nema shi ne a adana ilmi, kuma ba a sanin ranar amfanin ilmi. Alal misali, dafin kibiya da maharba ke haɗawa da kwankwani, Turawa ba su raina shi ba. A ƙarni na 19 sun ɗauki ɗan'uwan wannan tsiro daga gabashin Afirka, wani likita a Edinburgh mai suna Thomas Fraser ya yi shekaru yana nazarinsa, har aka fitar da maganin ciwon zuciya daga cikinsa. Haka kuma jima da bagaruwa, wadda wasu ke gani aikin ƙauye ne, tana cikin irin jimar da ake yi da tsirrai, wadda masu sayen fata a duniya ke daraja ta saboda ba ta gurɓata ruwa kamar jimar sinadarai. Abin da mai shi ya wulaƙanta, sau da yawa baƙo ne ke tsince shi.

Wani kuma zai ce harkar maharba cike take da tsafi, ga layu da guraye rataye a jikin kwari. Gaskiya ne akwai wannan. Amma rubuta abu daban, yarda da shi daban, kuma sassan Hausa sun daɗe suna nazarin bori da camfi ba tare da wani ya ce malaman sun zama 'yan bori ba. Bayan haka, harbi kansa yana da daraja a Musulunci. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, maharba 50 aka tsayar a kan tudu, kuma ya tabbata cewa a ran nan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zazzage wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kibau daga kwarinsa don ya yi harbi. Ɗinkin fata da auna tsawon kibiya ba su da wata alaƙa da shirka.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, watau tsoron kada raya wannan sana'a ya jawo kashe namun daji don fatarsu. Wannan tsoro yana da tushe. Warwaji, wanda fatarsa ta yi suna wajen yin garkuwa, farauta da fari da yaƙe-yaƙe sun ƙarar da shi har aka ayyana a shekarar 2000 cewa babu sauransa a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Chadi daga waɗanda aka kiwata. Bai kamata a maimaita irin wannan ɓarna ba. Sai dai kwari bai dogara ga fatar naman daji ba. Fatar saniya da ta akuya, waɗanda ake yankawa kullum a mahauta, sun wadatar, kuma a kansu ya kamata a tsaya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, ya kyautu sassan Hausa su ƙarfafa wa ɗaliban shekarar ƙarshe guiwa su riƙa zaɓen abu guda na sana'a, kamar kwari ko tandu ko salka ko gafaka, su bi shi tun daga mahauta har ya kammalu. An yi kundaye masu yawa a kan waƙa da makaɗa da tarihin sarautu, kuma sun cancanta, amma kayan da mawaƙan ke ambata a cikin waƙoƙin su ma suna da hakki. Ɗalibin da ke fassara kirarin maharba alhali bai taɓa riƙe kwari ba, rabin ma'anar kawai ya kama.

Na biyu, kada ɗalibi ya tsaya ga tambaya da rubutu. Ya zauna a majema da rumfar dukawa, ya sa hannu, ya ɓata fata ɗaya ko biyu, domin a wurin kuskure ne baduku ke furta kalmomin da ba ya tunawa da su in an tambaye shi a zaune. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a yau tana ɗaukar hoto mai motsi da murya, abin da magabata irin su Bargery ba su samu ba. Ya kamata kuma a nemi izinin mai sana'a, a ambaci sunansa a kundi, a biya shi ladan lokacinsa.

Na uku, a tattara sunayen sassan kwari da na kayan aiki bisa karin harshe, a ji yadda ake kiran su a Kano da Sakkwato da Katsina da Zazzau da Damagaram da Dogondutsi, a kwatanta. A nan akwai damar haɗa kai da jami'o'in Jamhuriyar Nijar, da kuma cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya, wadda ke da masana kimiyyar jima.

Na huɗu, sana'a ba ta rayuwa sai da ciniki. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa. Hawa kuwa ya ƙunshi masu sirdi da linzami da lifidi da kwari, in babu su babu shi. Da masarautu za su riƙa ba dukawa na ainihi aikin kayan 'yan baka, da makarantu kuma za su sa harbin baka cikin wasanninsu, tun da wasa ne da ake gasarsa har a wasannin Olamfik, da baduku ya sami dalilin koya wa ɗansa.

KAMMALAWA

An ga cewa kwari ya haɗa aikin mahauci da majemi da masassaƙi da baduku da maƙeri, kuma kowane sashe nasa, daga gindi zuwa murfi, akwai hikimar da ta sa aka yi shi haka. An ga kuma cewa wannan hikima a hannun tsofaffi take, waɗanda kullum raguwa suke yi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da zai je hutu garinsu, ya tambaya ko akwai sauran baduku ko maharbin da ya iya haɗa kwari, ya kai masa ziyara da littafi da alƙalami tun yana da ƙarfin riƙe basilla. Allah Ya sa a dace, amin.